Babi na Biyar: Jakar Ɗan Aike

Ranar 20 ga Yuni, 1851, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shigo Yola a gajiye. Daga Kukawa ya taso, babban birnin Barno na wancan zamani. Kwana biyu kafin isowarsa ya ƙetare Binuwai a inda kogin Faro ke zuba mata ruwa. Garin da ya tarar shekararsa goma da kafuwa, domin a 1841 Modibbo Adama ya sauka a nan, kuma ɗansa Lamiɗo Lawal ne ke kan gado.

Barth bai zo hannu rabbana ba. Yana tafe da takardar Shehu Umar na Barno, wadda ta gabatar da shi a matsayin baƙo mai ilimi da ya fito ganin ƙasa. Aka karanta ta a fada, ba wanda ya ga aibu. Sai jami'in Barno da ya rako shi ya miƙa nasa takardun, waɗanda a cikinsu aka sake tayar da maganar wasu yankunan kan iyaka da Barno ke cewa nata ne. Nan take fada ta ɗau zafi. Baƙon da ya zo kallon kogi ya koma abokin tafiyar masu jayayya. Aka sanar da shi cewa Lamiɗo a ƙarƙashin Sarkin Musulmi yake, mai son zama a ƙasarsa sai ya zo da takardar Sakkwato. Ran 24 ga wata Barth ya juya, ga zazzaɓi ga takaici.

Abubuwa uku suka ɓata masa tafiya. An haɗa magana biyu a jaka ɗaya, ta zumunci da ta rigima. Shi da ke tafe da jakar ba shi da iko da abin da ke cikinta. Sannan takardar ba ta biyo ta ƙofar da mai karɓa ke girmamawa ba. Duk wanda ya shekara yana aiki da imel a Yola ko Jimeta ya taɓa faɗawa ɗaya daga cikin ramukan nan, ko ya ga wanda ya faɗa. Doki ya koma sabis ɗin waya, amma ladabin aike yana nan inda kakanni suka bar shi.

Daga masinja zuwa akwatin saƙo

Waɗanda suka yi aikin gwamnati a zamanin jihar Gongola, kafin a raba ta a 1991 a fitar da Adamawa da Taraba, sun san yadda takarda ke tafiya. Mai tafireta ya buga, ya sa takardar kabon a tsakani don a samu kwafi. A kai ofishin rajista a ba ta lamba, a sa a fayil, masinja ya ɗauka ya kai teburin da ya dace, mai teburin ya yi ɗan rubutu a gefe ya tura gaba. Tsarin yana da nawa, amma nawar tana da rana: kafin takarda ta fita, mutum uku ko huɗu sun sa mata ido, kuma ba a yin kwafi goma sai da dalili, tunda kabon ba ya ratsa shafuka da yawa. Haruffan nan biyu, CC, da muke gani a ƙarƙashin wurin adireshi, gadon wannan kabon ne.

Imel ya kawar da nawar, ya kuma tafi da masu tacewa. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan na'urarsa. Hotmail ya fito a 1996, Yahoo Mail a 1997, Gmail a 2004. A Nijeriya wayar salula ta zo a 2001, shagunan intanet suka cika birane, mutane da yawa a can suka buɗe adireshinsu na farko, suna biya da awa.

A Yola abubuwa biyu suka ƙara wa imel kasuwa. Na farko, Jami'ar Amurka ta Nijeriya da Atiku Abubakar ya kafa, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005 da tsarin aiki irin na Amurka. Na biyu ya zo da baƙin ciki. A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka kwararo Yola, aka buɗe sansanoni irin na Malkohi da Damare. Ƙungiyoyin agaji suka buɗe ofisoshi, matasa suka samu aikin da rahotonsa ke tafiya Abuja ko Janeba ta imel. Yau ko yaron da zai yi rajistar JAMB sai da adireshin imel, haka mai shirin bautar ƙasa.

Sauƙin aikawa shi ya jawo nauyin karɓa. A 2012 cibiyar bincike ta McKinsey ta ƙiyasta cewa ma'aikacin ofis yana kashe kashi 28 cikin ɗari na makon aikinsa kan karanta imel da amsa shi. A mako mai awa 40, wannan ya haura awa 11. Mu ɗauki misalin ma'aikaciyar da ke zaune a Mbamba, ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, tana aiki a Jimeta. Ta sallami yara, ta shiga keke, ta buɗe waya ta tarar da saƙonni arba'in tun daga jiya da yamma. Wataƙila biyar ne ke buƙatarta. Sauran kwafi ne da sanarwa da "na gode" da aka watsa wa kowa. Aikinta na farko shi ne tono biyar ɗin nan, kuma masu rubuto mata su ke da ikon sauƙaƙa mata tonon ko tsananta shi.

Gaisuwa, sannan buƙata

Mutumin Yola ba ya wasa da gaisuwa. Ko da Fillanci ko da Hausa, sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da zafin gari kafin a shiga magana. Mafi yawan imel na ofis da Turanci ake rubuta su, amma hannun da ke rubutun a wannan tarbiyya ya tashi. Shi ya sa ake ganin saƙo mai sakin layi biyu na addu'a da fatan alheri, buƙatar kuwa tana can ƙasa a ɓoye kamar mai jin kunya.

Magabata ba haka suka yi ba. Takardun fadojin daular Sakkwato, da Larabci, suna da gini sananne: sunan Allah, daga wane zuwa wane, gaisuwa, sai kalmar "amma ba'adu" da ke shaida wa mai karatu cewa gaisuwa ta ƙare, ga magana. Wasiƙar Hausa da aka koya mana a firamare ma tana da "bayan gaisuwa" da "dalilin rubuto maka". Sun gaisa, sun kuma kafa alama a inda buƙata ta fara.

Fuskar waya ba ta nuna komai sai sunan mai aikawa, taken saƙo, da layi ɗaya na farko. Daraktan da ke duba wayarsa tsakanin taro biyu a nan yake yanke hukuncin buɗewa ko bari sai anjima, kuma anjima kan zama jibi. Saboda haka take shi ne rabin aikin. Take irin "Gaisuwa" ko "Don Allah a duba" bai ce komai ba. Wanda ya rubuta "Neman amincewa: kuɗin mai na tafiyar Fufore, kafin Laraba" ya faɗi abin da yake so, kan me, da yaushe. Cikin saƙon kuma ya isa a ce:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina neman amincewarka kan kuɗin mai na tafiyar Fufore ranar Alhamis. Lissafin yana maƙale da wannan saƙo. In an amince kafin azahar ta Laraba, akawu zai samu damar fitar da kuɗin. Na gode."

An girmama babba, an gaishe shi, kuma zai iya amsawa da kalma ɗaya yana tsaye. Rage wa mai yawan aiki wahala shi ma girmamawa ne, wani lokaci ya fi layi biyar na kirari.

Sai maganar taura biyu, wadda Bahaushe ya ce ba ta taunuwa. Wanda ya haɗa neman hutu da ƙorafin janareta da tambayar ranar taro a saƙo ɗaya, mai sauƙin za a amsa masa, sauran su nutse. Mafi muni, in ɗaya daga ciki ta ɓata ran mai karatu, ta shafa wa sauran kashin kaji, kamar yadda maganar iyaka ta cinye takardar gabatarwar Barth. Magana ɗaya, saƙo ɗaya, take ɗaya. In zance ya sauya a tsakiyar musaya, a buɗe sabon saƙo, domin wanda zai nemi maganar bayan wata shida da take zai neme ta.

Wa ya kamata ya ji?

Wurin adireshi na farko na wanda ake so ya yi wani abu ne. CC na wanda ya kamata ya sani ne kawai. In aka jera mutum shida a wurin farko, kowa zai ɗauka ɗan'uwansa zai yi, aikin ya kwana. A ambaci sunan mai aikin a cikin saƙon.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a ofisoshinmu: sanya shugaba a kwafi don a tsorata abokin aiki. Daidai take da yi wa mutum faɗa a gaban surukinsa. Za a samu amsa da sauri, a rasa abokin aiki. A fara da tunatarwa tsakanin mutum biyu, in ta ƙi sannan a haura sama, kuma a gaya wa mutumin za a haura.

Maɓallin amsa wa kowa yana dab da na amsa wa mutum ɗaya, kuma ya sha jawo abin kunya. A Nuwamban 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce a hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ya shiga akwatin ma'aikata kimanin dubu 840. Mutane suka dinga amsa wa kowa suna cewa a cire su, kowace amsa ta sake zagaye dubban ɗaruruwa, har tsarin ya yi nauyi ranar. Ofishi mai mutum talatin ba zai durƙushe ba, amma "Allah ya sa albarka" sau talatin lokacin mutum talatin ya ci.

BCC kuwa yana ɓoye adireshin masu karɓa daga junansu. Wanda zai aika wa masu neman aiki ɗari saƙo, ko iyayen ɗalibai, a nan ya kamata ya zuba adireshinsu. Bayanan mutane amana ne, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Mai aikin agaji da ke riƙe da sunayen 'yan gudun hijira ya fi kowa sanin abin da fallasa suna ke iya jawowa.

Ramin da ya fi kama da na Barth shi ne tura saƙo gaba. Ni kaina na taɓa faɗawa. Wani abokin aiki ya turo mini jadawali, na miƙa shi ga wani babba a wata ma'aikata ba tare da na gangara ƙasa ba. Ashe a ƙarƙashin jadawalin akwai tsohuwar hirarmu, inda muka yi ƙorafin jinkirin wannan babban da kalmomin da ba a faɗa a gaban mutum. Bai ce mini komai ba. Ya dai amsa da gajeren "an gani", kuma sai da na taka har ofishinsa na ba da haƙuri kafin al'amura suka daidaita. Tun daga ranar ba na tura saƙo sai na karanta shi har gindinsa.

Lokacin buɗe akwati

Ba wanda zai yarda masinja ya riƙa shigo masa ofis kowane minti biyar da takarda ɗaya a hannu. Amma abin da ƙarar sanarwar waya ke yi ke nan. Masu bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn, sun sa mutane su taƙaita duba imel zuwa sau uku a rana na mako guda, a wani makon kuma su duba yadda suka ga dama. A makon taƙaitawa mutanen sun ba da rahoton ƙarancin damuwa. Mu nan ba ma buƙatar agogo na musamman, rana a yanke take: da isa ofis, bayan azahar, sai kafin tashi. Tsakanin waɗannan a kashe sanarwa a yi aikin da aka ɗauki mutum dominsa. Wanda aikinsa ke buƙatar amsar gaggawa ya gaya wa abokan aiki su kira shi in abu ya taso.

In an buɗe, kada a karanta saƙo a mayar da shi yadda yake. David Allen, a littafinsa na 2001 kan tsara aiki, ya kawo ƙa'ida mai sauƙi: abin da ba zai wuce minti biyu ba a yi shi nan take. Sauran kuma ko a share, ko a miƙa wa mai shi, ko a sa masa rana. Tsofaffin ma'aikata sun san wannan, su da ke rubuta wa fayil ranar da za a sake kawo shi tebur. Gmail da Outlook duka suna da hanyar ɓoye saƙo ya dawo a ranar da aka zaɓa.

Sauran kayan aikin ba su da yawa, kuma kyauta ne. Akwai matata, wadda ke kwashe sanarwar banki da tallace-tallace zuwa wani aljihu kafin su cika ido. Akwai ajiyayyen rubutu don amsar da ake maimaitawa kullum. Akwai janye saƙo, wanda a Gmail za a iya ƙara wa'adinsa zuwa daƙiƙa 30. Magana zarar bunu ce, amma ga wata 'yar ƙofa da aka bari, ya kamata kowa ya buɗe ta tun yau. Akwai amsa mai fita da kanta in mutum ya yi tafiya, wadda ya kamata ta faɗi ranar dawowa da wanda za a nema kafin nan.

Sai tsara lokacin fitar saƙo, wanda Gmail ya ƙara a 2019. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, da yawa sai dare ya yi sanyi suke samun natsuwar rubutu. Ba laifi. Amma saƙon shugaba da ƙarfe sha ɗaya na dare yana hana na ƙasa barci, ko da ba a ce ya amsa ba. A rubuta da dare, a sa ya fita da takwas na safe. Faransa har doka ta yi, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2017, ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan tashi. Mu ba mu jira doka ba, kara ta isa. Mai hulɗa da ƙasashen waje kuma ya tuna Washington tana bayanmu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara.

A tuna da halin wanda ke ɗaya gefen. Gmail ba ya ɗaukar abin maƙalawa da ya wuce megabait 25, amma tun kafin a kai nan an cinye datar jami'in da ke Ganye ko Michika inda sabis ke zuwa yana tafiya. A rage nauyin hotuna, a ba fayil suna mai ma'ana da kwanan wata, a kuma taƙaita abin da ke ciki a layi biyu don wanda ba zai iya saukewa ba.

Abin da ba a aikawa

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ta'aziyya, ban haƙuri, gyaran kuskuren na ƙasa, da duk maganar da aka fara da ɓacin rai, ba na imel ba ne, domin rubutu ba shi da murya ba shi da fuska. In musaya ta kai zagaye uku ba a fahimci juna ba, a ɗaga waya. WhatsApp yana da sauri, amma umarnin da aka bayar da saƙon murya wuyar nema gare shi ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Ma'aikacin da ya goge yakan bi kira da gajeren imel: ga abin da muka tsayar, ga mai yi, ga rana. Shiru ma magana ce, kuma ba mai daɗi ba. In amsa za ta ɗau lokaci, "na gani, zan amsa ranar Litinin" ya wadatar.

Akwai kuma takardar da ke shigowa da rigar wani. A Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta yanke wa ɗan kasuwar Nijeriya Obinwanne Okeke shekara goma a kurkuku kan damfarar kusan dala miliyan 11. An yaudari wani babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac da saƙon bogi har ya ba da kalmar sirrinsa, sannan aka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa. Duk saƙon da ya ce an sauya lambar asusu, ko a biya yanzu-yanzu, a tabbatar da shi ta kiran lambar da aka riga aka sani. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda kuma aka buɗe wa adireshi a shagon intanet, mai shago ne ya zaɓa masa kalmar sirri, ya sauya ta yau. Fadar Lamiɗo ta tambayi daga ina takarda ta fito kafin ta yi aiki da ita, akawun zamani ma haka ya kamata ya yi.

Barth ya isa ƙasar Sakkwato daga baya. A 1853 ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi takardar aminci. Amma a lokacin fuskarsa ta juya yamma, Tambutu ya nufa, kuma bai sake ganin Yola ba har ya koma gida a 1855. Kwana huɗu ya samu a garin da ya sha wahalar zuwa. Ita ma'aikaciyarmu ta Mbamba ta fi shi sa'a, domin jakar a hannunta take. Kafin keke ya sauke ta a Jimeta tana da damar buɗe ta, ta ga wa za ta, me ke ciki, me ke ƙasa, sannan ta danna.